Zubar Jini a Tushen Cinya Bayan Aikin Katetar Zuciya

A shekarar 1733 wani limamin coci a Ingila mai suna Stephen Hales, wanda ya haɗa aikin wa'azi da binciken halittu, ya wallafa bayanin wani gwaji da ya yi da goɗiya. Ya sa aka kayar da ita aka ɗaure, ya tsaga fatar tushen cinyarta, ya zura bututun tagulla a cikin babbar jijiyar jini da ke wurin, sa'an nan ya haɗa shi da wani dogon bututun gilashi da aka kafa a tsaye. Da ya kwance zaren da ya ɗaure jijiyar da shi, sai jini ya hau cikin gilashin har ƙafa 8 da inci 3, yana ɗan hawa yana ɗan sauka tare da bugun zuciyar dabbar. Wannan shi ne karo na farko da aka auna ƙarfin turin jini a jikin halitta mai rai. Da za a maimaita gwajin a jikin mutum mai lafiya, jinin zai hau kimanin mita ɗaya da rabi.

Irin wannan jijiya ce, kuma a irin wannan wuri, likitocin zuciya suke hudawa da gangan idan za su duba ko su gyara hanyoyin jinin da ke ciyar da zuciya. Sau da yawa aikin da ake yi a cikin zuciyar yakan ƙare lafiya cikin sa'a guda. Ramin da aka shiga ta cikinsa shi ne yakan zama abin fargaba a daren da ya biyo baya, domin an bar huji a jikin bututun da jini ke gudu a cikinsa da irin ƙarfin da Hales ya gani, kuma an bar shi ne a jikin mutumin da aka ɗura wa magungunan hana jini daskarewa.

Yadda ake shiga

Kalmar "jijiya" a Hausa tana da faɗi ainun, har takan rikita ɗalibi: da ita ake kiran igiyar da ta ɗaure nama da ƙashi, da ita ake kiran hanyar saƙon ƙwaƙwalwa, da ita kuma ake kiran hanyoyin jini iri biyu. A wannan darasi, jijiya mai bugu ita ce wadda ke ɗauko jini daga zuciya da ƙarfi, jijiya marar bugu kuwa ita ce mai mayar da shi a hankali.

Naman zuciya yana samun abincinsa ne daga wasu ƙananan jijiyoyi masu bugu da suka kewaye ta kamar rawani. Idan kitse da gudan jini suka toshe ɗaya daga cikinsu, sai sashen da take ciyarwa ya fara mutuwa. Don a ga inda toshewar take, ana zura wani siririn bututun roba mai suna kateta ta cikin jijiyar cinya, a bi da shi ta babbar jijiyar ciki da ta ƙirji har bakin zuciya, a fesa rini, a ɗauki hotonsa da na'urar eksire. Dabarar shigar da bututun ta wani likitan ƙasar Suwidin ce, Sven-Ivar Seldinger, wanda ya bayyana ta a 1953: a soka allura, a zura waya ta cikin allurar, a zare allurar, sa'an nan a bi wayar da bututu. A yau akan fara kafa wani gajeren bututu a bakin ramin, wanda za a iya kira kube, domin ta cikinsa katetoci ke shiga suna fita. Melvin Judkins na Amurka ne ya mayar da hanyar cinya ta zama ruwan dare daga 1967. A watan Satumba na 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciya da balan-balan a birnin Zurik, a 1986 kuma aka fara dasa 'yar ragar ƙarfe mai tokare jijiyar don kada ta sake rufewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya ceci rayuka, kowanne kuma ya ƙara nauyi a kan ramin da ke cinya.

Santimita huɗu

Abu na farko da ke yanke hukuncin ko jini zai tsaya ko zai zuba shi ne inda allurar ta sauka. Akwai wata igiya mai tauri a ƙarƙashin fata da ta tashi daga tsinin ƙashin ƙugu na gaba ta gangara zuwa ƙashin mara, ita ce iyaka tsakanin ciki da cinya. Jijiyar tana bi ta ƙarƙashin wannan igiya, ta yi tafiyar kimanin santimita 4, sai ta rabu gida biyu: reshe ɗaya ya gangara zuwa gwiwa, ɗaya ya nutsa cikin naman cinya. Wannan ɗan tsakani, wanda bai wuce faɗin yatsu biyu zuwa uku ba, shi ne kawai wurin da ya dace a huda. Dalili kuwa shi ne, a nan jijiyar take kwance a kan dunƙulen kan ƙashin cinya. Idan aka gama aiki aka zare kube, mai jinya zai danna jijiyar a kan wannan ƙashi na minti 15 zuwa 20, kamar yadda ake take mesar ban ruwa a kan dutse don ruwa ya tsaya. Wanda ya taɓa take mesa a cikin laka ya san cewa nutsewa kawai take yi, ruwa kuma ya ci gaba da gudu.

Idan allura ta sauka ƙasa da wannan wuri, ta faɗa a kan rassa, waɗanda suka fi ƙanƙanta, ba su kuma da ƙashi a bayansu sai nama mai laushi. Dannawa ba ta kama su sosai, sai jini ya riƙa tsiyaya cikin nama. Bugu da ƙari, a wannan yanki jijiya marar bugu takan zame ta koma bayan mai bugu, saboda haka allura ɗaya tana iya ratsa su biyun ta bar ƙofa a tsakaninsu, jinin wannan yana kwarara cikin waccan. Idan kuwa allura ta sauka sama da igiyar, lamarin ya fi muni, domin jijiyar ta riga ta nutsa cikin ƙugu inda hannu ba ya kai mata, jinin da ya fita kuma ba cinya zai nufa ba, bayan ciki zai tafi.

Shekaru da yawa ana koya wa masu koyon aiki su dubi lanƙwasar fata da ke tsakanin mara da cinya su soka a nan. Wannan alama ce mai yaudara. A jikin mafi yawan mutane tana ƙasa da inda jijiyar ta rabu, a jikin mai teɓa kuwa takan sauka ƙasa ƙwarai. Likitan da ya gane haka yana iya wuce gona da iri wajen gyara, ya soka sama fiye da kima. Haka nan yawan soke-soke kafin a dace, ko allura ta ratsa bangon gaba ta fasa na baya, duk ƙarin ramuka ne da babu kuben da ya toshe su. Wani bincike mai suna FAUST da aka wallafa a Amurka a 2010, wanda ya ƙunshi majinyata 1,004, ya nuna cewa idan likita yana kallon jijiyar a na'urar sikanin yayin da yake sokawa, matsalolin ramin sukan sauka daga kashi 3.4 cikin 100 zuwa kashi 1.4.

Faɗin rami

Ana auna kaurin kateta da wani ma'auni da Joseph Charrière, maƙerin kayan tiyata a birnin Faris, ya ƙirƙiro a ƙarni na 19. Kowace lamba ɗaya sulusin milimita ce. Ke nan lamba 6 milimita 2 ce, lamba 8 kuma ta ɗan haura milimita 2 da rabi, bangon kuben kansa kuma yana ƙara wani abu a kai. A ido bambancin ba wani abu ba ne. Amma filin rami yana ƙaruwa ne da faɗinsa sau faɗinsa, watau 64 a kan 36, don haka ramin lamba 8 ya kusa ninka na lamba 6. A shekarun farko na balan-balan da ragar ƙarfe lamba 8 zuwa sama ake amfani da su, wani lokaci kuma kuben ya kwana a cinyar majinyaci. A yau lamba 5 da 6 sun wadatar a yawancin ayyuka, ana kuma zare kube da wuri, kuma wannan kaɗai ya rage zubar jini sosai.

Maganin da ke ceton zuciya

Jiki yana toshe rami a matakai biyu. Da farko wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, masu suna filatilet, sukan ruga su manne a bakin raunin su tara kansu. Daga nan wasu sinadarai su saƙa zare a kansu ya zama guda mai ƙarfi. Matsalar ita ce, wannan aiki da ake so ya faru a cinya shi ne ainihin abin da ake tsoro ya faru a zuciya. Ragar ƙarfe baƙuwa ce a cikin jijiya, jini kuma yana ganinta kamar rauni. Idan ya daskare a kanta, jijiyar ta toshe nan take. Saboda haka dole likita ya raunana matakan nan biyu. Asfirin yana kashe ƙarfin filatilet har iyakar rayuwarta, watau kwana 7 zuwa 10. Ana haɗa shi da magani na biyu kamar kulofidogirel ko tikagirelo. Lokacin aikin kuma ana ba da hefarin, ko wani magani mai suna bibalirudin wanda aka kwaikwayo daga sinadarin da ke cikin yawun matsattsaku, wannan tsutsar ruwa da ke tsotson jini ba tare da ya daskare mata ba. Likita a nan yana tsakanin gaba kura baya sayaki: idan ya rage magani zuciya ta toshe, idan ya ƙara cinya ta zuba.

Ƙarfin hefarin yakan ragu da rabi cikin sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ya sa ake jira a gwada jini kafin a zare kube, a tabbata yana daskarewa cikin ƙasa da daƙiƙa 180 ko kusa da haka. Haɗarin yakan ƙaru idan aiki na gaggawa ne. A wuraren da ɗakin kateta ke da nisa, wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe akan fara yi masa allurar narkar da gudan jini, irin su sitireftokines, kafin a ɗauke shi zuwa babban asibiti. Wannan allura ba ta san bambanci tsakanin gudan da ya toshe zuciya da gudan da ya toshe ramin cinya ba.

Wani abin takaici shi ne kuskuren awo. A 2005 aka wallafa nazarin bayanan majinyata fiye da 30,000 a asibitocin Amurka, aka tarar kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka ba irin waɗannan magunguna sun sami aƙalla ɗaya da ba a auna shi daidai ba. Waɗanda aka fi yi wa yawa su ne tsofaffi, da mata, da marasa nauyi, da masu raunin ƙoda.

Wanda ya fi shiga haɗari

Mai karatu zai iya zaton ƙaton mutum mai teɓa ne ya fi kowa shiga haɗari. Lalle yana da nasa, domin jijiyarsa tana da zurfi, da wuya a same ta, da wuya a danne ta, kuma jini yana iya taruwa da yawa cikin kitse kafin a lura. Amma wadda bincike bayan bincike ya fi nunawa ita ce 'yar tsohuwa siririya. Haɗarin mace ya kusa ninka na namiji. Jijiyarta ta fi ƙanƙanta, don haka kube ɗaya ya fi cinye faɗinta. Wurin da ya dace a huda ya fi gajarta. Tsufa kuma ya sa bangon jijiyar ya yi tauri, ba ya tsukewa ya kama rami kamar na matashi.

Batun ƙoda ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne takardar gwaji takan ruɗi mai duba ta. Ana auna aikin ƙoda ne da wani sinadari mai suna kiriyatinin, wanda tsoka ke fitarwa ƙoda kuma ta tace. Mai ƙarancin tsoka kaɗan yake fitarwa, don haka lambarsa takan yi kyau ko da ƙodar ta gaji. A ɗauki mutum biyu da lambarsu ta zo daidai, miligiram 1.0 a kowace desilita: magidanci ɗan shekara 45 mai kilo 80, da tsohuwa 'yar shekara 78 mai kilo 45. Idan aka bi lissafin da Cockcroft da Gault suka fitar a 1976, wanda ke la'akari da shekaru da nauyi da jinsi, ƙodar magidancin tana tace kimanin mililita 105 a minti, ta tsohuwar kuwa 33 kacal. Da yawa daga magungunan hana daskarewa ta ƙoda suke fita. Idan aka ba su biyun awo ɗaya, na magidancin zai fita a kan lokaci, na tsohuwar kuwa ya taru ya daɗe. Har ila yau, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa shi kansa yana sa filatilet kasala. Daɗin daɗawa, jinin jikinta duka bai wuce lita 3 ba, nasa kuwa ya haura lita 5. Lita ɗaya da za ta zuba sulusin jininta ne. Idan kuma da ma ta zo da ƙarancin jini, to ba ta da rarar da za ta yi asara.

Hawan jini shi ne ya mayar da zance kan gilashin Hales. Gudan jinin da ya fara kama bakin rami ɗanye ne, ƙarfin da ke tura shi daga ciki kuma shi ne ƙarfin bugun zuciya. Wanda jininsa ya hau 180 a lokacin zare kube yana tura facin da ƙarfin da ya fi na mai 120 da rabi. Tari mai ƙarfi, amai, yunƙurin fitsari ko bayan gida, da lanƙwasa ƙafa duk suna yin irin wannan aiki, shi ya sa ake sa majinyaci ya kwanta a miƙe na sa'a 4 zuwa 6. Ciwon suga da toshewar jijiyoyin ƙafa su ma suna lalata bangon da za a huda. Tun tsakiyar shekarun 1990 akwai na'urorin da ke ɗinke ramin ko su liƙe shi da toshi. Suna rage lokacin dannawa da na kwanciya, amma ba sa gyara ramin da aka huda a wurin da bai dace ba.

Jinin da ba a gani

Yawancin abin da ke faruwa ƙarami ne: jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, wurin ya yi duhu, ya baje cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ake tsoro shi ne na huji na sama. A bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki akwai wani sarari mai laushi da zai iya shanye lita biyu ko fiye na jini, alhali bandejin da ke cinya fari ne fat. Wannan bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, amma yana kisa, kuma jinkirin ganewa ne ke sa ya yi kisa. Alamominsa su ne ciwon kwiɓi ko baya ko mara a gefen da aka huda, gumi mai sanyi, jiri, rashin natsuwa, da faɗuwar awon jini. Kowace ɗaya tana da wani bayani mai sauƙi da za a iya jingina ta da shi, musamman ciwon baya ga wanda ya yi sa'o'i a kwance. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce, duk wanda awon jininsa ya faɗi bayan an shiga ta cinyarsa, a ɗauka jini yake zubarwa a ciki har sai hoto ya nuna akasin haka.

Na biyu yakan bayyana ne bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, sau da yawa bayan an sallami mutum. Ramin bai rufe ba, jini ya haƙa wa kansa aljihu a cikin nama, yana shiga yana fita da kowane bugu. Sai a ji wani ƙullutu mai zafi a tushen cinya, wanda idan aka ɗora hannu a kai za a ji yana harbawa. Ƙananan sukan toshe da kansu, manyan kuma ana yi musu allurar wani sinadari mai suna turombin a ƙarƙashin sikanin, wanda ke daskarar da jinin aljihun cikin daƙiƙoƙi, yana kuma yin nasara a fiye da tara cikin goma.

A nan akwai abin da ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Masu yin wannan aiki sukan yi doguwar tafiya zuwa babban birni ko ƙasar waje, su koma gida inda babu wanda ya san abin da aka yi musu. Wurin da kumburin yake wuri ne na kunya, dattijuwa tana iya kwana uku da shi ba ta faɗa wa ɗanta ba. Ga shi kuma ya yi kama da kaluluwa ko maruru. Gasa shi da ruwan zafi ko yi masa tausa yana iya fasa shi. Kai shi ga wanzami a yi masa sakiya ko a kafa masa ƙaho daidai yake da buɗe jijiyar kanta, jinin da zai fito kuwa ba za a iya tsayar da shi a gida ba. A makon farko ana hana ɗaukar kaya masu nauyi, da daka, da jan guga, da hawan babur, da dogon tsuguno. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, da ake saye a kemis ba tare da takarda ba, suna ƙara haɗarin. Idan jini ya ɓalle, a kwantar da mutum a miƙe, a danna da ƙarfi ɗan sama da ramin, a nufi asibiti ana danne da shi. Abin da ba a yi shi ne majinyaci ya daina shan asfirin da abokinsa da kansa don ya ga jini ya kwanta, domin ragar da ke zuciyarsa tana iya toshewa cikin kwanaki. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa zubar jini a cinya ke ƙara yawan mutuwa daga zuciya: yakan tilasta a dakatar da maganin da ke tsare ragar, a daidai lokacin da zuciyar ke fama da ƙarancin jini.

Komawa tsintsiyar hannu

A 1989 Lucien Campeau na birnin Montiriyal a Kanada ya nuna cewa ana iya kai kateta zuciya ta jijiyar tsintsiyar hannu, inda ake jin bugu a gindin babban yatsa. A 1992 Ferdinand Kiemeneij ya fara gyaran jijiyoyin zuciya ta wannan hanya a Amsterdam. Jijiyar ƙarama ce, tana kusa da fata, tana kan ƙashi, babu kuma wani sarari a bayanta da jini zai ɓuya. Binciken RIVAL na 2011, mai majinyata 7,021, ya sami manyan matsalolin rami a kashi 1.4 cikin 100 ta hannu, kashi 3.7 ta cinya. Binciken MATRIX na 2015, mai majinyata 8,404 a Turai, ya sami mutuwa cikin kwana 30 a kashi 1.6 ta hannu, kashi 2.2 ta cinya. Daga nan ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa hanyar hannu a gaba.

Duk da haka cinya ba ta yi ritaya ba. Jijiyar hannu takan tsuke ta ƙi kateta, kuma ta fi yin haka a jikin 'yar tsohuwar nan da ta fi kowa bukatarta. Wanda ya zo a galabaice, bugun hannunsa ya ɓace, sai ta cinya. Manyan na'urori, kamar famfon da ke taimaka wa zuciya ko murfin zuciya da ake dasawa ta kateta, suna bukatar kube mai lamba 14 ko fiye, wanda ba ya shiga hannu. A 2015 wasu likitoci a cibiyar da Campeau ya yi aiki suka ba da rahoton cewa, tun da aka koma hannu, matsalolin cinya sun ƙaru a tsakanin 'yan kaɗan da har yanzu ake shiga ta cinyarsu. Masana sun yi saɓani a kan dalili: wasu sun ce hannun matasan likitoci ne bai saba da cinya ba, wasu sun ce waɗanda suka rage wa cinya su ne da ma mafi rauni. Cibiyoyi da dama yanzu suna koyar da shiga ta cinya a matsayin darasi mai zaman kansa: a duba kan ƙashin cinya da eksire, a kalli jijiyar da sikanin, a soka da siririyar allura, sa'an nan a fesa rini ta cikin kube a ga inda ramin ya sauka tun kafin a ba da cikakken awon hefarin.